Yadda Ake Karanta Lissafin da Ke Cikin Karin Takarda

Duk takardar da aka ninke sannan aka buɗe tana fitowa da layuka a jikinta, irin waɗanda tela da mai guga suke kira kari. Yawancinmu shafe su muke yi da tafin hannu mu wuce, alhali kuwa layukan nan suna da ƙa'idojin da suke bi, kuma wanda ya san ƙa'idojin sau da yawa yana iya duban zanen layuka a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda ya faɗi ko za ta ninku ta kwanta ko ba za ta kwanta ba, tun bai taɓa ta ba. Abin da nake so in nuna ke nan, musamman ga malaman da ke koyar da lissafi a makarantunmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo a nan Kumasi, da kuma iyayen da ke zama da 'ya'yansu bayan sallar isha'i suna duba musu aikin gida. Ninke takarda ba baƙon abu ba ne a zango, domin tun kaka da kakanni malamai suke ninke rubutu ya koma ɗan ƙanƙane a kai wa baduku ya rufe shi da fata. Abin da ba mu saba yi ba shi ne mu buɗe abin da muka ninke mu ƙirga layukansa, mu auna kusurwoyinsa.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar takardun A4 kamar guda goma, kuma waɗanda aka riga aka buga rubutu a fuska ɗaya sun wadatar, irin waɗanda masu shagunan hoton takardu suke tarawa. Ana bukatar biro ja da biro shuɗi, da fensir, da rula, da ma'aunin kusurwa wanda ke cikin akwatin kayan lissafin kowane ɗalibi, da almakashi mai kaifi. A yi aikin a kan tebur ko allo mai tauri, kada a yi shi a kan cinya ko tabarma. A duk ninki, a fara daidaita gefe da gefe tukuna, a danne tsakiya da yatsa, sannan a ja farcen babban yatsa zuwa dama a ja zuwa hagu. Wanda ya fara dannewa daga gefe ɗaya yakan tarar takardar ta zame kafin ya kai ɗaya gefen, kuma kuskuren milimita ɗaya a ninkin farko yana girma a ninki na biyar.

Kafin a yanke komai, ya kamata a san takardar da ke hannu. Faɗin A4 santimita 21 ne, tsawonta 29.7. A kama kunnen sama na dama a kawo shi ƙasa har gajeren gefen ya kwanta a kan dogon gefen hagu, a danne a buɗe. Karin da ya fito ya tashi daga kunnen sama na hagu ya ratsa a karkace. Yanzu a ɗora dogon gefen hagu a kan wannan kari: za a ga tsawonsu ɗaya ne, babu ragi babu ƙari. Ba dace aka yi ba. An tsara ma'aunin ne a Jamus a 1922 ta yadda tsawo zai zama faɗi sau 1.414, wato lambar da idan aka buga ta sau kanta take ba da 2, kuma wannan ne kaɗai sikelin da idan aka raba takarda biyu rabin yake fitowa da siffar uwarsa. Shi ya sa A5 take kama da A4, A4 take kama da A3, har zuwa A0 mai faɗin fili na murabba'in mita ɗaya. Idan aka sake yin ninkin farko aka yanke ragowar da ke ƙasa, an sami murabba'i mai santimita 21 a kowane gefe, kuma da shi za a yi yawancin aikin da ke tafe. A yanka guda shida a ajiye.

Tudu da kwari, da ƙa'idojin mahaɗa

Kari iri biyu ne kawai. Akwai wanda ya taso yana duban sama, shi ne tudu, akwai wanda ya lotsa ciki, shi ne kwari. Idan aka juya takardar, tudu ya zama kwari, kwari ya zama tudu, saboda haka wajibi ne a zaɓi fuska ɗaya a tsaya a kanta. Masu wannan fasaha a Japan, inda ake kiranta origami, suna da alamomin da suke bambanta su da su, kuma Akira Yoshizawa, wanda ya rasu a 2005, shi ne ya aza harsashin alamomin da duniya take amfani da su yau. Mu a aji biro biyu sun ishe mu: ja ga tudu, shuɗi ga kwari.

A ba kowane yaro takarda a ce ya ninke ta sau uku yadda ransa yake so, a karkace ko a miƙe, muddin dai kowane ninki ya ratsa wanda ya gabace shi kuma takardar ta kwanta lif a kan tebur. Sai ya buɗe ya bi kowane kari da biron da ya dace. Daga nan a nemi mahaɗa, wato wurin da layuka suka haɗu a cikin takardar, ban da waɗanda suke bakin gefe, a ƙirga ja nawa ne suka fito daga mahaɗar, shuɗi kuma nawa. Kowa zai sami uku da ɗaya a duk mahaɗa mai layi huɗu. Ba za a sami mai biyu da biyu ba ko da yara hamsin ne a ajin, sai dai wanda ya yi kuskuren launi, kuma da ya sake dubawa zai gyara da kansa. Na fi son a bar yara su yi ta neman wanda zai karya wannan doka na ɗan lokaci kafin a gaya musu sunanta, domin wanda ya nema ya rasa ya fi wanda aka faɗa masa riƙe magana.

Ƙa'idar ita ce: a duk mahaɗar da ta ninku ta kwanta, bambancin yawan tudu da yawan kwari biyu ne. Ana jingina ta ga Jun Maekawa na Japan, kuma Jacques Justin na Faransa ma ya gano ta a shekarun 1980. Dalilinta ana iya ganinsa da ido. A ninke takarda gida huɗu, a datse tsinin mahaɗar da almakashi, a leƙa bakin yankan. Za a ga layi ɗaya wanda ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya dawo, har ya koma inda ya faro. A ce tururuwa ce take bin wannan layi: duk inda ta iso tudu sai ta yi juyin digiri 180 ta hannu ɗaya, duk inda ta iso kwari sai ta yi juyin digiri 180 ta ɗaya hannun. Tunda ta zagayo ta dawo mafarinta tana duban inda ta fara duba, jimillar juyinta digiri 360 ne, wato juyi biyu na 180 da ba su sami abokan da za su soke su ba. Waɗannan biyun su ne bambancin. Daga nan kuma wani abu ya biyo baya ba tare da wahala ba: jimillar layukan mahaɗa dole ta rabu biyu daidai, huɗu ko shida ko takwas, ba za ta taɓa zama uku ko biyar ba. Shi ya sa ake iya shafa wa dukkan filayen da ke tsakanin layukan launi biyu kacal, ba tare da filaye biyu masu iyaka da juna sun yi launi ɗaya ba. Launi ɗaya na filayen da suka kalli sama ne bayan ninki, ɗayan na waɗanda suka kifa.

Domin a ga mahaɗa mai layi shida, a ɗauki murabba'i a ninke shi daga kunne zuwa kunne ta ɓangarorin biyu, duka kwari, sannan a juya shi a ninke shi biyu a kwance sau ɗaya, a sake juyowa. A tura gefen dama da na hagu ciki, takardar za ta rufta ta zama alwatika. Kwari huɗu, tudu biyu.

Ƙa'ida ta biyu ta kusurwoyi ce, kuma ita ce ta fi amfani ga mai son ya zana nasa tsarin. A auna kusurwoyin da ke tsakanin layukan mahaɗa ɗaya, a bi su a jere ana zagayawa, a tara ta farko da ta uku da ta biyar a gefe guda, ta biyu da ta huɗu da ta shida a ɗaya gefen. Kowane tari zai ba da digiri 180. A alwatikar da aka gama yi, kusurwoyin su ne 45, 90, 45, 45, 90, 45, kuma kowane tari 180 ne. Wannan ita ce ƙa'idar Toshikazu Kawasaki, wadda Justin ma yana da hannu a cikinta. Dalilinta shi ne kowane kari yana mayar da takardar baya, saboda haka idan kusurwa ta farko ta tafi dama, ta biyu hagu za ta dawo, kuma kafin takardar ta haɗu da kanta ba tare da ta yage ba dole tafiyar dama ta yi daidai da ta hagu. Tunda jimillarsu 360 ce, kowacce ta sami rabi.

Ga gwajin da nake ganin ya fi kowanne shiga kai. A ɗiga ɗigo a tsakiyar takardu biyu. A ta farko a zana layuka huɗu daga ɗigon, masu kusurwa 100, 70, 80, 110 a jere. A ta biyu a zana kusurwoyin nan huɗu dai, amma a jera su 100, 80, 70, 110. A tambayi ajin wacce za ta kwanta, a sa su yi lissafi kafin kowa ya taɓa. Ta farko tana ba da 180 da 180. Ta biyu tana ba da 170 da 190, kuma duk yadda aka lallaɓa ta ba za ta kwanta ba sai an murƙushe ta an ƙirƙiro sabon kari. A ta farkon ma akwai sharaɗin da ya rage: kusurwa mai digiri 70 ita ce ƙarama, tana tsakanin manya biyu, saboda haka layuka biyun da suka yi mata iyaka dole ɗaya ya zama tudu ɗaya kwari. Idan aka yi su iri ɗaya, manyan filayen biyu za su faɗo gefe guda su yi karo, kuma takarda ba ta ratsa takarda.

Sai dai a yi hattara da wani zato. Kowace mahaɗa tana iya cika dukkan sharuɗɗan nan ita kaɗai, amma takardar gaba ɗaya ta ƙi kwantawa, domin abin da wannan mahaɗa take bukata na wane fili zai hau kan wane yana iya saɓa wa bukatar maƙwabciyarta. Marshall Bern da Barry Hayes sun tabbatar a 1996 cewa tantance wannan a babban zane yana cikin rukunin matsalolin da har yau ba a san wata gajeriyar hanyar warware su ba, ko da kwamfuta.

Raba gefe uku da biyar ba tare da rula ba

Raba takarda biyu ko huɗu ko takwas kowa ya iya. Sulusi ne yake ba mutane wahala, kuma ga hanyar da Kazuo Haga, tsohon malamin ilimin halittu a Jami'ar Tsukuba ta Japan, ya shahara da ita. A nemo tsakiyar gefen sama na murabba'i ta hanyar haɗa kunnuwan sama biyu a ɗan matsa da farce, ba tare da an ja karin har ƙasa ba. Sai a ɗago kunnen ƙasa na dama a ɗora shi daidai a kan wannan alama, a danne. Gefen ƙasa, wanda yanzu ya hau a karkace, zai ratsa gefen hagu a wani wuri. A sa rula a auna: santimita 14 daga sama, 7 daga ƙasa, wato sulusi cif.

Domin a fahimci dalili, a ɗauka gefen murabba'in kashi 8 ne. A kunnen sama na dama an sami alwatika mai kusurwar digiri 90, wadda gefenta na sama kashi 4 ne. Sauran gefenta biyu daga gefen dama na takardar suka fito, ɗaya yana tsaye ɗaya ya karkato, saboda haka jimillarsu 8 ce. Lambobin da suka cika wannan kuma suka bi ƙa'idar Pythagoras su ne 3 da 5, domin 9 da 16 sun ba da 25. Wannan ita ce alwatikar 3, 4, 5 da magina suke ja da igiya idan za su fitar da kusurwar ɗaki. Alwatikar da ke kunnen sama na hagu siffarsu ɗaya da ita, sai dai gefen da yake 3 a can ya zama 4 a nan, saboda haka gefen da yake 4 a can ya zama 16 bisa 3 a nan, kuma wannan shi ne kashi biyu cikin uku na 8. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar BECE ko WASSCE ya sami Pythagoras da kamannin alwatika a ninki guda.

Humusi kuma akwai dabarar Shuzo Fujimoto, wadda take farawa da kintace. A yi ƙaramar alama a inda ake zaton humusi ne daga hagu. A kawo gefen dama kan alamar a matsa, a sake kawo gefen dama kan sabuwar alamar a matsa. Sai a kawo gefen hagu kan wannan alama ta ƙarshe a matsa, a sake kawo shi kan wadda ta fito a matsa. Alamar da aka samu yanzu tana kusa da ta farko, amma kuskurenta ya ragu sau 16, domin kowane ninki yana raba kuskuren biyu. Wanda ya kuskure da santimita guda a farko, bayan zagaye ɗaya kuskurensa bai kai milimita ɗaya ba.

Abin da kamfas ya kasa

Tun zamanin Girkawa masana suke neman hanyar raba kowace kusurwa gida uku daidai da kamfas da rular da ba ta da lambobi, har Pierre Wantzel ya tabbatar a Faransa a 1837 cewa ba zai yiwu ba. Ko kusurwar digiri 60 ba ta rabuwa ta wannan hanya, domin ba a iya fitar da digiri 20. Takarda kuwa tana yi, kuma ga yadda Hisashi Abe ya nuna a 1980.

A ɗauki sabon murabba'i a ninke shi biyu a tsaye a buɗe. A ɗago kunnen ƙasa na dama a ɗora shi a kan wannan layin tsakiya, ta yadda karin zai bi ta kunnen ƙasa na hagu. A bi gefen da aka ɗago da fensir, a buɗe, a ƙarasa layin da rula har bakin takarda. Wannan layi yana kan digiri 60 daga gefen ƙasa. Yanzu a ninke takardar biyu a kwance a buɗe, a kawo gefen ƙasa kan layin tsakiyar a buɗe, an sami layin rabi da layin rubu'i. A sa wa kunnen ƙasa na hagu suna A, a sa wa inda layin rabi ya taɓa gefen hagu suna B, kuma a ɗiga su a fuska biyu na takardar domin bayanta za a riƙa gani.

Ninkin da ke tafe shi ne zuciyar aikin, kuma yana son natsuwa. A ɗago gefen hagu a kawo shi dama ba tare da an danne ba, a riƙa zamar da shi a hankali har A ya sauka a kan layin rubu'i, B kuma ya sauka a kan layin digiri 60, su biyun a lokaci guda. Idan ɗaya ya zauna ɗaya ya kauce, a ɗan murza takardar a sake gwadawa. Wuri ɗaya ne kawai a cikin takardar da duka biyun suke zama. A danne, a yi alama a inda A ya sauka, wanda zai kasance wajen santimita 14.4 daga gefen hagu. A buɗe, a ja layi daga kunnen A zuwa alamar, a ɗora ma'aunin kusurwa: digiri 20. Idan kuma kafin a buɗe an bi guntun layin rubu'in da ke kan ɓangaren da aka ɗago an tsawaita shi, zai faɗa a kan kunnen A, a digiri 40. Hanyar tana aiki ga kowace kusurwar da ba ta kai 90 ba.

Asirin yana cikin ɗora ɗigo biyu a kan layi biyu a ninki guda. Kamfas da rula iyakarsu matsalolin da lamba take bugun kanta sau biyu, wannan ninki kuwa yana warware waɗanda take bugun kanta sau uku. Margherita Piazzolla Beloch, malamar lissafi a Jami'ar Ferrara ta Italiya, ita ce ta fara nuna haka a 1936, kuma ina ganin ya dace a faɗa wa 'yan matan ajin sunanta.

Tauraron tuta da yanka ɗaya

Baƙin tauraron da ke tsakiyar tutar Ghana, wadda Theodosia Okoh ta zana aka ɗaga ta ranar 6 ga Maris 1957, yana da tsini biyar da gefe goma, kuma ana iya fitar da shi da saran almakashi guda. A ninke murabba'i biyu, a sa bakin ninkin yana fuskantar mai aiki, a yi alama a tsakiyarsa. Daga alamar a zana layuka a digiri 36, 72, 108 da 144. Wanda ba shi da ma'auni yana iya bin dabarar Fujimoto, domin raba kusurwa biyu da ninki daidai yake da raba tsawo biyu. A ninke layukan nan huɗu ɗaya gaba ɗaya baya, har a sami siririn tsinke mai rufi goma. Daga tsininsa a auna santimita 10 a gefe ɗaya, 3.8 a ɗaya gefen, a haɗa alamomin da layi, a yanke. Ɓangaren tsinin shi ne tauraron.

Kafin a liƙa shi a bango, a ƙirga layukan tsakiyarsa: goma ne, shida iri ɗaya huɗu ɗaya irin, kusurwoyi biyar-biyar na 36 kuma sun ba da 180. Sai a gyara su, dogayen layuka biyar masu zuwa tsini su zama tudu, gajerun biyar su zama kwari. Tauraron zai taso ya yi kyau ƙwarai, amma ba zai ƙara ninkuwa ya kwanta ba, domin biyar da biyar ba su da bambancin biyu. Erik Demaine da Martin Demaine da Anna Lubiw sun tabbatar a ƙarshen shekarun 1990 cewa duk siffar da gefunanta miƙaƙƙu ne ana iya fitar da ita da yanka ɗaya idan an san yadda za a ninke.

A nan ne kaurin takarda yake fara nuna kansa, domin rufi goma yana ture bakin almakashi, kuma wanda ya sami takarda marar kauri zai fi samun tsini masu daidaito. Bandir ɗin takarda 500 kaurinsa wajen santimita 5 ne, wato kowace takarda kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ninki bakwai a kan juna rufi 128 ne, kusan santimita 1.3, shi ya sa hannu yake gazawa a nan. Da za a iya ci gaba, ninki 32 zai ba da kaurin kilomita 429, wanda ya zarce tafiyar Kumasi zuwa Accra nesa ba kusa ba, ninki 42 kuma ya wuce nisan wata. Britney Gallivan, tana ɗalibar sakandare a Amurka, ta fitar da lissafin tsawon da ake bukata ga kowane adadin ninki, kuma a 2002 ta ninke takarda mai tsawon wajen mita 1,200 sau 12.

Ninkin Miura

Koryo Miura, masanin kimiyyar sararin samaniya a Japan, ya tsara wani ninki wanda ake buɗe shi gaba ɗaya da ja guda, kuma an gwada shi a kan faifan hasken rana na wani tauraron ɗan'adam na Japan da aka harba a 1995. A ɗauki cikakkiyar A4 a raba faɗinta biyar, kowane kashi santimita 4.2, a ninke ɗaya gaba ɗaya baya har ta zama dogon ƙyalle. A gefen sama na ƙyallen a yi alamomi a santimita 4.5, 8.7, 12.9, 17.1, 21.3 da 25.5, a gefen ƙasa kuma a 4, 8.2, 12.4, 16.6, 20.8 da 25. A haɗa kowace alama da abokiyarta, an sami layuka shida masu ɗan karkata, duka sun jingina gefe guda. A ninke su da ƙarfi a buɗe takardar gaba ɗaya.

Za a ga miƙaƙƙun layuka huɗu da layuka shida masu tafiyar maciji sun ratsa su, da mahaɗa 24. Aikin da ya rage shi ne sauya wasu daga tudu zuwa kwari. Kowane layi mai tafiyar maciji ya zama iri ɗaya daga sama har ƙasa, na farko tudu, na biyu kwari, na uku tudu, haka har na shida. Miƙaƙƙun layukan kuma su riƙa sauyawa a duk mahaɗar da suka ratsa. Idan an rasa wane guntu ne zai zama me, a duba mahaɗar: kusurwoyinta biyu ƙanana ne, wajen digiri 83, biyu manya, wajen 97, kuma guntun da ke tsakanin ƙananan biyu shi ne ɗayan da ya saɓa wa sauran ukun. A bi dukkan layukan da biro kafin a fara tattarawa, sannan a fara daga gefe ɗaya ana matso da su sannu a hankali, jeri bayan jeri, ba tare da an danne kowanne har ƙarshe ba sai duka sun karyo. Idan wani wuri ya ƙi, kada a tilasta masa. A ƙirga ja da shuɗi a mahaɗun da ke kewaye da shi, za a tarar da wadda ta zama biyu da biyu, a juya guntun da ya saɓa. Bayan ta kwanta, a kama kunnen sama na hagu da kunnen ƙasa na dama a ja, takardar za ta buɗe ta tsawo da faɗi a lokaci guda, idan aka tura kuma ta koma yadda take.